Suna a Kan Shinkafa

An riga an ɗaura auren, an ci an sha, Ketaki tana ɗakin amarya na zauren biki ana sauya mata zanen sari, sai gwaggon ango ta shigo ta kira ta da sunan wata.

"Miƙo hannun nan, Revati, in gyara miki awarwaron."

Ketaki ta waiga don ta ga wadda ake yi wa magana. Babu kowa a bayanta sai madubi da tarin akwatuna. Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya har da tafa cinya, ta ce gara ta fara sabawa tun yanzu, ai da yamma idan an zauna gaban gunkin Lakshmi, allahiyar arziki, ango Mandar zai rubuta shi a kan shinkafa kowa ya shaida. Ta ce Guruji, malamin addinin da ya ɗaura auren, da kansa ya duba taurari ya zaɓo sunan tun watan jiya, kuma a gidan Bhave, gidan su ango, har yara sun haddace shi. Ta gama jera mata koren awarwaron, ta fita tana cigiyar wanda ya ga takalminta.

A nan wajenmu ba sunan gidansu kaɗai amarya take bari ba. Kafin a tafi da ita sai a zaunar da ita kusa da angon, a kawo farantin azurfa cike da ɗanyar shinkafa, ango ya zare zoben zinariya ya rubuta sunan da za a riƙa kiran matarsa da shi daga ranar. Abin da ya rubuta ya zauna. Samarin yanzu da yawa sunan da ta zo da shi suke maimaitawa a wuce wurin, amma akwai gidajen da har gobe suke ganin amarya ba ta shigo ba sai an raɗa mata sabon suna, kamar maraƙin da aka sayo a kasuwa.

Kada wani ya ɗauka dole aka yi wa Ketaki. Likitar dabbobi ce, ta doshi talatin, kuma ita da bakinta ta ce wa iyayenta su nemo mata miji, don wadda take yini kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan a kewayen Sangli, hannunta cikin saniya har kafaɗa, ba ta da lokacin zaman soyayya. Ta sha ɗauko tiren shayi da pohe, wani ɗan abincin shinkafa, ta dire gaban baƙi masu neman aurenta, ana kallon tafiyarta, ana tambayarta ko ta iya girki, ko za ta ajiye aiki. Akwai wata uwar saurayi da ta tambaye ta ko warin shanu yana fita da sabulu. Ta ƙi wasu, wasu sun ƙi ta, ba wanda ya mutu.

Mandar injiniya ne a Pune, dogo, mai sanyin magana, kuma shi kaɗai ne ya tambaye ta yadda ake gane saniya tana jin ciwo. Ranar da manya suka ba su damar hawa saman soro su gana, ta zayyana masa komai a fili. Za ta koma Pune, za ta nemi aiki a can, za ta zauna da mahaifiyarsa gida ɗaya, azumin Litinin ma in suna so za ta yi. Abu ɗaya ne ba ta yarda a taɓa ba, sunanta. Ya yi murmushi ya ce ba matsala, ita kuma ta sauko daga soron zuciyarta wasai. Sai daga baya ta lura cewa da wannan kalma yake amsa komai. An kawo masa shayin da ba shi ya nema ba, ba matsala. Mahaifiyarsa ta mayar da rigar da ya zaɓa ta ɗauko wata, ba matsala.

Ba ta taɓa gaya masa dalilin ba, don sirrin ba nata ba ne. Tana 'yar makarantar sakandare, wata ranar Lahadi mahaifiyarta Sunanda tana shafa mata man kwakwa a ka, ta ba ta labari kamar ana hirar farashin albasa. Ita ma Sunanda, Ketaki ne sunan da iyayenta suka sa mata. Tana da shekara goma sha tara angonta Madhukar, baban Ketaki, ya rubuta Sunanda a kan shinkafa, saboda uwarsa ta ce haka. Iyayen nata ba su daɗe ba suka rasu, ƙawayen ƙuruciya kowacce aure ya kai ta wani gari, har aka wayi gari babu mai kiranta da sunan farko a duniya. Da ta haifi 'ya mace sai ta ɗauko shi ta sa mata. Madhukar ya ji sunan ya ce kai, yana da daɗi, a ina ta samo shi? Ba mugu ba ne Madhukar, mantuwa ce kawai irin ta wanda abin bai taɓa damunsa ba. Tun daga nan Ketaki ta gane abin da ya sa kowa a gida yake gutsure sunanta, mahaifiyarta kaɗai ke faɗinsa cikakke, a hankali.

Sunanda ta shigo ɗakin riƙe da furannin da za a sa wa amarya a gashi. Kallo ɗaya Ketaki ta yi mata ta gane ta san maganar sunan. Ta sallami ƙawayenta ta tura ƙofa, ta kira ta yadda ake kiran uwa a wajenmu.

"Ayi, tun yaushe kika sani?"

Sunanda ta shiga soka furannin ba ta ɗago ba. Ta ce uwar angon ta faɗa mata ranar da aka je sayen kayan aure, ta kuma rasa ta inda za ta fara. Ta ce ai a gida kawai za su riƙa kiranta haka, takardun makarantarta suna nan, allon asibiti ma ba mai taɓa shi, duniya ta canja.

"Ke ma a gida kawai aka ce miki."

Hannun Sunanda ya tsaya cak a kan gashin. Can ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa, tana roƙo. An riga an zagaya wuta, an ɗaura mata sarƙar aure a wuya, zauren cike yake da dangin ɓangare biyu. In ta tayar da magana yanzu, babanta ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba, ita kuma za ta shiga gidan mutane da tabon da ba ya gogewa. Ta ce mace tana haɗiye abin da ya fi wannan ta kwana lafiya. Ketaki ta ji haushi, ta ji tausayi, ta rasa wanne ya fi yawa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, duk tsawon maganar nan uwar ba ta ambaci sunanta ko sau ɗaya ba, sai 'yar nan, 'yar nan.

Ta kira wayar Mandar, wani abokinsa ya ɗauka ya ce tana aljihunsa tun safe, ango ba ya riƙe waya. Da aka fito da ita kuwa, kan dandamali aka tsayar da su, mutane suka yi layi ana gaisawa ana ɗaukar hoto. Mutumin da aka ɗaura mata yana tsaye kafaɗarsa na gogar tata, amma ko kalma biyar ba ta samu ta jera masa ba. Ta yi murmushi ga kawun wane, ta durƙusa ta taɓa ƙafar kakar wance, sai a ɗan tsakanin da mai hoto ke sauya batir ta matso bakinta kusa da kunnensa.

"Wace ce Revati?"

Zufa ta keto masa a ƙarƙashin igiyar lu'ulu'un da aka ɗaura masa a goshi.

"Na san da maganar. Ki bar ni da ita."

"Me za ka rubuta?"

"Ba matsala, Ketaki."

Da ya yi shiru ma da ya fi mata. Kafin ta sake buɗe baki abokan aikinsa daga Pune sun hau dandamalin su goma sha, suna ihu suna rungumarsa, mai hoto yana cewa amarya ta ɗan saki fuska. Ta saki. Tana murmushin tana lissafin abin da ta sani game da wannan mutum: ba ya son yaji, yana tuƙi a hankali, yana kiran uwarsa kafin ya ci abincin rana. Ta ga ashe ta fi sanin halin shanun wasu manoma a kansa.

Uwar angon, Vasudha, ita ta zo da kanta ta riƙo hannun amarya zuwa wurin zaman. Tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, mai fara'a, irin matan da ba sa ɗaga murya don ba su taɓa bukata ba. Da alama labari ya kai mata, domin tun kafin Ketaki ta ce uffan ta fara bayani cikin lallashi. Ta ce sunan yana da kyau, ba ta ƙi ba, amma kowa ya san furen da ake kira ketaki ba a kai shi gaban gunkin Shankar, su kuwa gidansu tun kaka da kakanni shi suke bauta wa. Yaya za ta tsaya a ɗakin ibada kullum safe ta ƙwala kiran wannan suna? Ta ce ita ma da wani sunan ta shigo gidan Bhave, ga ta nan ba abin da ya ragu a jikinta.

Ketaki ta ce, cikin ladabi, sun yi magana da Mandar tun kafin a sa rana, ya kuma yi mata alkawari.

Vasudha ta shafa kumatunta. "Yaron nan tun da na haife shi bai taɓa yi mini musu ba, 'yata. Ke ma za ki ji daɗin wannan hali nasa wata rana."

Zauren ya ɗan rage, masu nisa sun kama hanya, ma'aikata sun fara naɗe kujerun baya don akwai wani bikin gobe. Waɗanda suka saura su ne na jiki, kuma su ne masu ido. Aka zaunar da ango da amarya kan 'yan kujerun katako gaban Lakshmi, gefen mayafinsa ƙulle da gefen sarinta kamar yadda aka ƙulla tun wurin wuta. Mata suka kewaye su. Ketaki ta hango mahaifiyarta a tsaye can gefe kusa da babanta, ta haɗa tafin hannu biyu a ƙirji, ba a san ko addu'a take ba ko roƙon 'yarta. Guruji ya yi ta karatunsa, hayaƙin turare yana shiga idon mutane, har ya miƙa hannu aka ɗora masa farantin. Ya shafe saman shinkafar da tafinsa ya ajiye gaban Mandar.

Zoben ya ƙi fita daga yatsan Mandar, sai da ya murɗa shi, mata suna dariya suna cewa tun yanzu ya fara rowa. Ketaki ba ta ji dariyar ba, idonta na kan yatsansa. Ya sunkuya ya kare farantin da kafaɗarsa, ya fara ja. Daga inda take tana ganin komai. Ya rubuta ƙanana-ƙanana a gefen farantin, kamar mai satar amsa a jarrabawa, amma sunanta ne, Ketaki. Ta sauke numfashin da ta riƙe tun ɗakin amarya, har idonta ya ciko.

Vasudha ta leƙo ta kan kafaɗar ɗanta. Fuskarta ba ta canja ba ko kaɗan. Ta sa hannu biyu ta ɗauki farantin, ta ɗaga shi wajen Lakshmi kamar mai neman albarka, ta ɗan karkata shi. Shinkafar ta zame ta koma sumul.

"Revati," in ji ta, da muryar da ta saba cika filin makaranta. "Sunan surukata Revati."

Aka ɗauki tafi. Gwaggon nan ta ɗazu ta ɗauko kwanon sukari ta fara zuba wa mutane a tafin hannu, kowa yana maimaita sunan yana cewa ya dace da ita. Guruji ya ga abin da aka rubuta sarai, amma sai ya shagala da gyaran lagwanin fitila. Ketaki ta juya ta dubi mijinta. Kansa na ƙasa, yana mayar da zoben yatsansa, kuma abin da ta gani a fuskarsa ya fi komai ƙona mata rai, don sauƙi ne ta gani. A ganinsa ya fita: ya cika wa matarsa alkawari, bai kuma saɓa wa uwarsa ba. Nan take ta hango yadda shekarun gaba za su kasance, shi yana ba ta gaskiya a ɗaki cikin raɗa, a tsakar gida kuma yana duban ƙasa.

"Revati, tashi ku gaida manya," in ji Vasudha.

Ketaki ba ta motsa ba. Mandar ya yunƙura zai miƙe, ƙullin ya ja mayafinsa, ya koma ya zauna. Vasudha ta sake kira, har yanzu da fara'a, wata daga baya ta ce amarya kunya take ji, aka ɗan yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu, domin kowa ya ga amarya ba sunkuyar da kai ta yi ba, zaune take ƙyam tana kallon gabanta. Kwanon sukari ya tsaya a hannun gwaggo. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar kujerun da ake naɗewa can baya.

Tsoro take ji, ba ƙarami ba. Tana jin idon babanta a kanta, tana ganin leɓen mahaifiyarta yana motsi, tashi, tashi. Ba ta san lokacin da yatsunta suka kai kan ƙullin ba, kuma ita kanta ba ta san ko kwance shi za ta yi ba. Mandar ya ga hannun, ya ɗago a firgice.

"Na rubuta," ya ce a hankali. "Kin gani da idonki."

"Ni kaɗai na gani. Rubutun kuma an shafe."

"Ki bari mu isa gida, zan yi mata magana."

"A nan aka faɗa, Mandar. A gaban uwata."

Bai san me uwarta ta haɗa da maganar ba, amma ya waiga ya dubi Sunanda, ya dubi yatsun da ke kan ƙullin, ya daɗe yana dubansu. Vasudha ta kira sunan ɗanta, sau ɗaya, babu fara'a wannan karon. Kafaɗunsa suka ɗan ranƙwafa kamar yadda suka saba tun yana yaro, Ketaki ta ce a ranta shi ke nan, an gama. Sai ta ga ya miƙa hannu sama.

"Ayi, ba ni farantin."

Vasudha ta ce an wuce nan, Guruji yana jira, motoci suna jira. Hannun bai sauka ba. Ya kama bakin farantin, ita ma tana riƙe, shinkafa ta fara zuba kan tabarma, wata tsohuwa ta ja numfashi don ba a son ganin hatsin Lakshmi a ƙasa. Vasudha ta dubi ɗanta kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta saki.

Ya ajiye farantin a fili inda kowa ke gani. Zoben ya sake ƙin fita, ya fizge shi har fatar yatsan ta yi ja. Wannan karon bai kare da kafaɗa ba, ya rubuta manya-manya daga wannan baki zuwa wancan. Da ya gama ya ɗago, kuma da yake mutum ne da bai saba ɗaga murya ba, bai san iya inda ake tsayawa ba. Sunan ya fito da ƙarfi har ƙarshen zauren, kamar mai kiran wani daga tsallaken hanya.

"Ketaki!"

"Na'am?"

Ba amarya ce ta amsa ba. Kowa ya juya gefen da muryar ta fito. Sunanda tana tsaye, ta ɗan tako gaba taku ɗaya, fuskarta a ɗage kamar yarinyar da aka kira daga tsakar gida. Sai da ta ga idanu a kanta ta gane abin da ya fita daga bakinta, ta ja gefen sari ta toshe shi. Wasu suka ɗauka ruɗewar uwar amarya ce, suka yi murmushi. Ketaki kuwa hawayen da ta riƙe tun rana suka zubo, ta bar su.

Vasudha ta karɓi kwanon sukari daga hannun gwaggo ta ajiye shi a ƙasa, ba ta zuba wa kowa ba. Ketaki ta ga haka, ta san zaman Pune ba zai zo da sauƙi ba, wannan yammacin za a daɗe ana biyansa a ɗakin girki da ɗakin ibada. Ta ɗauke hannunta daga ƙullin ta miƙe, Mandar ya miƙe tare da ita. Suka durƙusa suka taɓa ƙafar Vasudha. Ta daɗe kafin ta ɗora musu hannu a ka, amma ta ɗora.

Can gefe Madhukar yana ta kallon matarsa, goshinsa a tattare, irin kallon wanda abu ya tsaya masa a bakin harshe ya ƙi fitowa. Ya taɓa kafaɗarta.

"Sunanda?"

Ba ta waiga ba. Idonta yana kan farantin.